Ina neman wanda zai zauna da ƙanena ba tare da faɗa ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah a sakaya sunana. Ƙanena ne, shekararsa 24, uwa ɗaya uba ɗaya. Adaidaita sahu yake ja, kuma garin haɗa balas ya fara shan tiramol, wai don jiki ya daina ciwo ya iya kaiwa dare. Babanmu ya rasu yana aji biyu a sakandare, kawunmu ya tafi da shi Zariya, zama da matar kawun bai yi daɗi ba ya dawo, ga maganar gidan gado har yau ba a raba ba, ga yarinyar da yake nema an aurar da ita bayan ƙaramar Sallah. Na faɗi wannan ne don ku san ba lalatacce ba ne. An taɓa kai shi wani wuri, ya fito ya koma ruwa. Yanzu da an buɗe baki za a yi masa nasiha sai ya zari makulli ya fice. Ƙawata mai karatun jinya ta ce akwai hirar zaburarwa, likitoci na ce mata MI, babu faɗa babu wa'azi, mutum da bakinsa yake kawo dalilin dainawa. Wa ya san mai yin ta a Kano? Hajiyarmu na da hawan jini, ba ta barci.

Baban Sadiq: Wa alaikumussalam. Hira kuma? 'Yar'uwa, yaron da ke haɗiyar ƙwaya za a zaunar ana lallashi? Lallashin nan ne ya kashe mana yara. A 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC, me ya canza? Suka koma wani abu. A karɓe mashin, a hana shi kuɗi, a kai shi inda za a tsare shi wata shida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maman Ilham: Wane wuri aka kai shi? Nawa yake sha a rana? Ya taɓa faɗuwa yana jijjiga? Ba ki faɗa ba.

Mai tambaya: Ba asibiti ba ne Anti, kawu ne ya kai shi. Ba na son tada maganar.

Abu Yusra: In irin gidajen marin nan ne, a kiyaye. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutane ɗaure da sarƙa, jiki duk tabo.

Baban Sadiq: Wa ya ce sarƙa? Horo na ce. Ɗan maƙwabcina haka aka yi masa, yau 'ya'yansa biyu.

Maman Ilham: Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in faɗi abin da na sani. MI ba lallashi ba ce, Baban Sadiq. Wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka, William Miller, ya fito da ita a 1983 yana aiki da mashaya giya, daga baya suka faɗaɗa ta shi da Stephen Rollnick. Abin da suka lura da shi: mai shan abu zuciyarsa biyu ce, yana so ya daina, yana kuma so ya ci gaba. Da kin kama ɓangaren dainawa kina ja, shi sai ya kama ɗayan yana kare kansa, kuma yana jin bakinsa na faɗin dalilan ci gaba. Don haka mai yin MI tambaya yake yi. Me tiramol ke yi maka na amfani? Me ya fara ɗauke maka? Zai iya cewa, daga sifili zuwa goma, ina son dainawarka yake? In yaro ya ce huɗu, ba zai ce "me ya hana goma" ba, zai ce "me ya sa huɗu, ba ɗaya ba?" Nan ne za ki ji ya ce saboda Hajiya, ko saboda kuɗin na tafiya.

Samun mai yi kuwa, da wuya ki ga an kafa allo an rubuta. Ki je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ki yanki kati, ki nemi ganin masanin halayya, ba mai rubuta magani kaɗai ba. Ki tambaye shi kai tsaye ko ya samu horo a MI da yadda zamansa na farko ke kasancewa. In ya fara da "zan nuna masa illar abin", ba shi kike nema ba. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Abu ɗaya: tiramol na kawo jijjiga, kuma yanke shi lokaci guda na wahalar da jiki sosai, saboda haka dole likita ya duba shi. Hira ita kaɗai ba ta isa ba.

Ummu Nana: Ku da ke da ƙane ma da sauƙi. Nawa miji ne. Shekara da shekaru ina rufa asiri, da na kai ƙara gidansu uwarsa ta ce ni na ja masa da yawan bani-bani. Kuɗin cefane ma sai na laluba aljihunsa yana barci. Yanzu wai aure zai ƙara. Wallahi na gaji.

Abu Yusra: Allah Ya kawo miki mafita. Mai tambaya, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ma suna da masu ba da shawara, da layin kira kyauta. A haɗa da addu'a.

Mai tambaya: NDLEA? Yana jin sunan zai gudu Legas. Dawanau kuma ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Shi ya sa nake son mai zaman kansa, ko wanda zai zo gida kamar baƙo.

Maman Ilham: Ƙanwata, kada a yi masa dabara. In ya gano an shirya masa baƙon ne, shi ke nan yarda ta tafi. Ki fara zuwa ke kaɗai, su koya miki yadda za ki gayyato shi.

Baban Sadiq: Kun ji ko? Wanda ya ƙi zuwa, da wa za a yi hirar? Da bango? Ki ba ni amsa ɗaya: wa ke cika masa balas ranar da bai haɗa ba?

Mai tambaya: Ni ce, Baba, amma ba kullum ba. In mai mashin ya karɓe abinsa zaman majalisa zai koma, can ne ma abin ya fi yawa. Gara ina ganin shigarsa da fitarsa. Ku ba ku san shi ba, ko yau shi ya kai Hajiya awon jini.

Baban Sadiq: To ke ce mai sayen ƙwayar, ba shi ba. Na gama magana.

Ummu Nana: Haka uwar mijina take, komai ya yi sai ta ce yaron kirki ne.

Mai tambaya: Ban zo a yi min shari'a ba. Suna kawai nake nema, ko unguwa. Babu wanda ya taɓa kai nasa wajen irin wannan mutumin?

Baban Sadiq: Wata shida. Ki rubuta ki ajiye.