Neman kalma: me za mu kira "dilamineshan" a bangon motar kwana?

Kafinta, Gusau: Assalamu alaikum. Akwai wata cuta da ke kama motocin kwana, masu ɗaki da gado a ciki, Turawa na ce mata dilamineshan. Bangon irin waɗannan motoci falle-falle ne aka manne da gam: faiba daga waje, sai siririn filawud da bai wuce milimita 3 ba, sai farin soso tsakanin sandunan alminiyam, sannan allon ciki. Da ruwa ya samu kafa ta bakin taga ko ta rufi, filawud ya sha, gam ya saki, faiba ta taso. Yaran gareji cewa suke "ta kumbura". Ni dai ban gamsu ba.

Fanel bita, Birnin Kebbi: Wa'alaikumus salam. Mu ce bororo mana, Oga. Kamar na ƙuna yake fitowa.

Kafinta, Gusau: Bororo abin da ido ya gani ne kawai. Sau da yawa gam ya daɗe da saki amma bango na nan sumul, musamman da sassafe. Sai rana ta take, faiba ta yi zafi ta buɗe, sannan ya turo. Ɗauki kwabo ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa: inda yake lafiya za ka ji ƙwas, inda ya saki sai ka ji kamar ganga. Wannan wurin ma suna yake bukata.

Mai aikin faiba, Yawuri: Na so in ce saɓa, amma maciji in ya yi saɓa sabuwar fata ce a ƙasa, nan kuwa ɓarna ce. Ɗayewa kuma sai abu ya fita gaba ɗaya. Tunda bakinmu ya riga ya saba da "gam ya saki", shi ma filawud falle ake ƙirga shi, me zai hana mu ce sakin falle? "Bangon hagu ya saki falle daga taga zuwa ƙasa." Kowane yaron shago zai gane.

Sai dai kada a haɗa shi da ruɓewa, don maganinsu ba ɗaya ba ne. A fara da toshe inda ruwan ke shiga. A cire tagar ɗungurungum, a kankare tsohon danƙon, a sa sabon tef na butil, wato tef mai danƙon roba da ke hana ruwa shiga. A kan rufin motar kuwa, wanda galibi robar EPDM ce ko TPO, a zuba danƙon da aka yi dominta, irin na kamfanin Dicor, a bakin kowace kafa. Ban da silikon. Yana ɗagowa, kuma duk inda ya taɓa, sabon danƙo ba ya kamawa sai an kankare shi tas. Daga nan a bar bangon ya bushe, a gwada da mitar danshi. Ƙasa da kashi 15 lafiya lau, in ya haura 20 da sauran ruwa. A watan Agusta wannan sai haƙuri da rumfa da fanka. Wanda zai iya jira, ya bari sai hunturu.

In filawud na da sauran ƙarfi, a dama gam ɗin efoksi mai jinkirin bushewa, a zura siririn tiyo ta gurbin taga har gindin wurin, a tura da sirinji ana janyowa sama a hankali. A shimfiɗa leda, a ɗora faffaɗan katako, a tokare shi daga waje da ciki, a bar shi awa 24. Wanda ya matse fiye da kima zai bar zanen katako a jikin faiba har abada.

Fanel bita, Birnin Kebbi: Gam ɗin masu takalmi fa, Malam? Ya fi sauƙin samu a kasuwa.

Mai aikin faiba, Yawuri: Kul! Shi da resin ɗin faiba na foliyesta duk narkar da farin soso suke, kamar ka ɗiga masa fetur. Ka gwada a kan guntun sosan kwalin talabijin ka gani. In kuma ka soka sukundireba filawud ya yi baƙi yana marmashewa, efoksi ba shi da abin kamawa. Sai an ɗaga faiba, an yanke ruɓaɓɓen har a kai ga mai lafiya, an sa sabo.

Fanel bita, Birnin Kebbi: Wato wannan saki uku ne, babu kome.

Kafinta, Gusau: Allah ya shirye ka! Na karɓi sakin falle, bororo kuma ya zauna a matsayin alamarsa. Abin da ya ƙara kwanta min, wasu kamfanonin Elkhart ta jihar Indiyana, inda ake ƙera mafi yawan motocin kwana na Amurka, sun koma sa allon Azdel, wanda haɗin roba da faiba ne, a madadin filawud. Shi ba ya shan ruwa, ba ya ruɓewa, amma in gam ɗin masana'anta bai kama da kyau ba, shi ma yana sakin falle, kuma da kwabon nan za ka gano shi.