Wa Zai Biya Kuɗin Hayaƙin?

Mai Alƙalami:
Sallama 'yan'uwa, na buɗe fage, mai amsa ya matso.

Ƙasashe masu arziki sun ce mu bar saran itace, wai daji na ƙarewa,
Mun ji, to uwa ta hura me, yara na jiran dafuwa?
Mutum miliyan 600 a Afirka ba lantarki, dare sai lalubawa,
Kasonmu a hayaƙin duniya bai kai 4 cikin 100 ba, ku ji kowa,
Wanda ya gina arzikinsa da kwal, yau shi ke yin hanawa.

'Yar Manoma:
Yaya, ka faɗi gaskiya, amma ba ka faɗe ta duka ba,
Tafkin Chadi a 1963, ido ba ya hango gaɓa ba,
Kusan kashi 90 ya janye, masunci bai ga kifi ba,
A 2007 aka ce katangar bishiyoyi, ba mu ƙi ba,
Daga Senegal har Jibuti, kilomita 8,000, ba wasa ba,
Sau nawa aka dasa, aka ɗauki hoto, ba a dawo ban-ruwa ba?
Akuya ta cinye tsiron, wannan ba Bature ne ya sake ta ba.

Dattijo:
'Yata, kin ce a gyara gida, ina kuɗin, duk ya tafi bashi,
A taron sauyin yanayi na Kwapanhagin, 2009, masu arziki sun yi wa ƙasashe matalauta alkawari an buga hatimi a kanshi,
Dala biliyan 100 duk shekara, 2020 ta zo babu shi,
Sai 2022 ya cika, mafi yawa rance, da ruwa za a biya shi,
A shekarar ruwa ya ci Pakistan, miliyan 33 suka ɗanɗana shi,
Zambiya a 2020 ta ɗaga hannu, ta kasa biyan mai bi nata bashi,
Ma'adinin kobalt na Kwango ke cikin batirin mota mai tafiya ba hayaƙi, ba ƙamshi,
Yaron da ya haƙo da hannu, ƙura ce kaɗai rabonshi.

'Yar Manoma:
Baba, ban musa ba, amma leƙa Nijar ka gani,
Manoma sun bar kututture ya tofo, sassaben zamani,
A rage rassa, a bar mai ƙarfi, ga inuwa ga itace da rani,
Hekta miliyan 5 ta farfaɗo, ba a jira taron wani.

Mai Alƙalami:
Ƙanwata, na sara wa manoman, sun yi abin yabawa,
Amma gawo ba ya kunna fitila a ɗakin haihuwa,
Rana muna da ita, farantin sola ne ke son kuɗin sayowa,
Su kawo shi diyya, ba rance ba. Baba, kai ke da amsawa.