Wa ya taɓa jinyar kurege a gida? Nawa ya ƙi taka ƙafa

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum. Yau kwana 19 ke nan ina jinyar wani kurege, kuma gaskiya na fara karaya. Yara ne suka harbe shi da danƙo a bayan layin dogo, na tarar ƙafarsa ta baya tana reto, na ba su ɗari biyar suka sakar mini shi. Likitan dabbobi ya ce ɗauri ba zai zauna ba, da haƙori zai kwance shi. Ya ce in takure shi a ƙaramin keji ya daina tsalle, ƙashin ya haɗe da kansa. Yana cin gyaɗarsa lafiya, amma har yanzu jan ƙafar yake yi.

Maman Biyu, Malali:
Wa alaikumus salam. Malam, gyaɗa zalla kake ba shi? To, a nan na yi kuskure ni ma. Nawa mage ce ta kama shi. Sati uku ina ɗura masa gyaɗa don na ga yana so, sai ƙafafunsa suka fara rawa. Ashe gyaɗa ba ta da isasshen kalsiyam, kuma da shi ƙashi ke haɗewa. Aka ce in rage ta, in ƙara ganye, karas, dankali, ɗan zogale, sannan in dafa ɓawon ƙwai in daka shi lukui in barbaɗa a kan abincin. Ranar farko ya shinshina ya juya mini baya kamar wani surukin da aka raina wa tuwo. Yunwa ce ta sasanta mu. Sai da ya yi wata ɗaya da rabi kafin ya taka sosai.

Baba na Kawo:
Ikon Allah! Mu muna fama da su a gona wajen Rigachikun, suna tone mana gyaɗa tun ba ta nuna ba, kai kuma kana yi wa ɓarawo jinya. To, Allah ya ba da lada. Abu ɗaya zan faɗa maka yaro: kada ka kama shi ta wutsiya. Ina ƙarami na taɓa yi, fatar ta saluɓe a hannuna, shi ya arce da tsirarar jela. Ba ta sake fitowa.

Anti Nas, Barnawa:
Ƙanena, kula da hannunka. Nawa ya huda mini ɗan yatsa har ta cikin tawul, ranar da na ɗauka mun saba. In ya cije ka, wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ka je asibiti. Yara kada su taɓa shi. Ƙyandar biri ta sake ɓulla a Najeriya a 2017, kuma dangin ɓera da kurege na cikin waɗanda ake zargi da ɗaukarta. Kada kuma ka ba shi Panadol ɗinmu na mutane.

Abban Sadiya, Tudun Wada:
Nawa bai yi rai ba. Damina ce, ƙuda suka yi ƙwai a ciwon, ban lura ba sai da na ji wari, na ɗaga gashin na ga tsutsa. Ka rufa wa kejin tsohon gidan sauro, ka riƙa duba ciwon safe da yamma.

Ɗan Rigasa:
Allah ya saka da alheri. Baba, na ji, ba zan sake shi kusa da gonarka ba. Hajiya, na ba shi karas da ɓawon ƙwai jiya, ya kifar da faifan. Na sa masa guntun icen mangwaro saboda ya fara gurgurar wayar kejin, ya kwana yana ƙas-ƙas, maiɗakina ta ce ko shi ko barcinta. Yau da asuba na leƙa na same shi tsaye a ƙafafun baya yana miƙa wuya, mai ciwon ta ɗan taɓa ƙasa, sai ya ɗage ta da sauri.