Yaya aka yi naman doki ya shiga cikin naman shanu a Turai?

Ummu Hanif: Assalamu alaikum. Ana cewa babu masu tsaurin dokar abinci kamar Turawa. To yaya aka yi a 2013 aka sayar musu da naman doki da sunan naman shanu? Kuskuren mayanka ne ko ha'inci?

Ɗan Fawa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ha'inci ne tsagwaronsa. Idan injin niƙa nama ne ba a wanke ba, abin da gwajin DNA zai nuna ɗan kaɗan ne, shi ya sa Tarayyar Turai ta sa iyaka a kashi 1 cikin 100. Amma a Janairun 2013 hukumar abinci ta Ireland ta samu kashi 29 na doki a wani boga na babban kantin Tesco. A Fabrairu kuma aka samu lasanya (taliya mai nama) ta kamfanin Findus da naman cikinta doki ne zalla.

Dawakan da suka shiga lasanyar nan an yanka su ne a Romaniya, aka sayar da su a matsayin doki. Naman ya bi ta hannun wani dillali ɗan Holan mai kamfanin Draap (a juya sunan, "paard" ne, doki da yarensu), ya isa kamfanin nama na Spanghero a Faransa, daga can ya fita da takardar naman shanu. Guntattakin nama ne a daskare, an curo shi dunƙule guda, ido ba ya rarrabewa. Lambar kwastam kuwa ba ta ɓuya ba: ta doki 0205, ta daskararren naman shanu 0202.

Malam Barista: Sayar da doki ba laifi ba ne a can, ana cinsa a Italiya da Faransa. Ƙaryar takarda ce laifin. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 178/2002 ta wajabta wa ɗan kasuwa sanin wanda ya sayar masa da wanda ya sayar wa, iyakarta ke nan. In dillalai biyar ne, babu mai ganin layin daga farko har ƙarshe. Dokar bayyana ƙasar asali kuma a lokacin ɗanyen naman shanu ta kama, ban da dafaffen abincin kwali.

Likitan Dabbobi: Mu abin da ya dame mu maganin ciwon gaɓoɓi ne, fenilbutazon. Dokin da aka ba shi, dole a rubuta a fasfonsa, wato takardar shaidarsa, cewa ba na ci ba ne. Daga samfurin naman doki 3,115 da aka gwada, 16 ne suka nuna shi. Hajiya, ki kuma lura: a boga 27 da hukumar Ireland ɗin nan ta gwada, 10 ne ke da doki, 23 kuwa an ga burbushin alade.