Wane suna za mu ba "censeur" da Hausa?

Daga Garwa, mai buɗe zance:

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena. Buƙata ce ta kawo ni, kuma ta daɗe tana ci mini rai.

Muna da ƙungiyar 'yan unguwa a nan Garwa, muna zama Lahadin farko ta kowane wata bayan la'asar. Akwai adashi a ciki, akwai asusun taimako na rasuwa da suna da jinya. Kamar kowace ƙungiya a Kamaru da ke son hukuma ta san da zamanta, mun kai takardunmu ofishin firefe, wato babban jami'in gwamnati na yankinmu, bisa dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990, kuma da Faransanci aka rubuta su. Yawancin dattawanmu kuwa ba sa karanta shi, sai dai a yi musu fassara da baki, kowa da yadda zai faɗa. Shi ne aka ɗora mini juya dokokin cikin gida zuwa Hausa.

Shugaba, magatakarda, ma'aji, mai binciken kuɗi, duk sun zo da sauƙi. Da na iso kan "censeur", wanda muke cewa sansar, sai alƙalami ya tsaya. Ga wanda bai saba da tarukanmu ba: shi ne mai ba da izinin magana, mai hana surutu, mai rubuta sunan wanda ya makara, kuma shi ke yanka tara.

Ga dalilin da ya sa ban ɗauki abin da wasa ba. Bara wani saurayi tela, sabon zuwa daga Gidar, ya shigo taronmu karon farko. Wani dattijo yana bayani kan kuɗin jinya, sai yaron ya sa baki da tambaya, bai san ana ɗaga hannu ba. Nan take aka ce masa sefa 500. Ya laluba aljihu ya biya, ya sunkuyar da kai har aka tashi. Bai sake zuwa ba. Da na gamu da shi a babbar kasuwa sai ya ce mini: "Yaya, ba kuɗin ba ne. Babu wanda ya ce mini sannu da zuwa kafin a ce mini biya." Bana ni aka zaɓa a wannan kujera. Ina son sunan da zan rubuta ya gaya wa duk wanda zai gaje ni menene aikinsa.

Daga Ngaundere, malamin lise:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da asalin kalmar, don a san abin da ake juyawa. Daga Rum ta zo. Tun shekara ta 443 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Rumawa suka kafa wannan muƙami, mutum biyu ake zaɓa, aikinsu ƙidayar jama'a da dukiyarsu, sannan sa ido kan ɗabi'a, har suna iya cire mutum daga majalisar dattawa in halinsa ya ɓaci. Faransawa suka gada, mu muka gada daga gare su. A lise ɗinmu, wato makarantun sakandare, har yau akwai sansar, amma a wurinmu shi ne mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu da jadawalin darussa, horon ɗalibai yana hannun wani daban. Ka ga ko a Faransancin ma kalmar ba fuska ɗaya gare ta ba.

Abin da zan ja kunnenka a kai: kada wani ya ba ka "mai tacewa". Wannan na littattafai ne da fina-finai, irin aikin hukumar tace fina-finai ta Kano. Tushensu ɗaya, aikinsu daban. Ni "mai ladabtarwa" nake gani.

Daga Kuseri, ɗan kasuwa:

Malam ya yi bayani. Amma ai an riga an yi mana wannan aiki a Najeriya. A labaran rediyo, ɗan majalisar da ke tsare layin 'yan jam'iyyarsa "mai tsawatarwa" ake ce masa, wasu su ce "bulaliyar majalisa". Ɗauki ɗaya ka huta.

Daga Garwa:

Na gode Malam, na gode Alhaji. Na auna duka ukun a bakina. Bulaliya dai ba zan rubuta ba, a taron da ke da sa'o'in mahaifina a zaune. Tsawa kuwa ita ce ta kore mana telan nan. "Mai ladabtarwa" ya fi kusa, sai dai in Bahaushe ya ce "zan ladabtar da kai" kowa ya san ba darasi yake nufi ba, hukunci ne. Duk ukun suna fara aiki ne bayan an yi laifi. Ni ina neman sunan da aikinsa zai fara tun daga bakin ƙofa.

Daga Marwa, wani dattijo:

Ɗana, ka yi tambaya mai kyau, Allah ya yi maka albarka. Ku yaran yanzu kuna neman abu a nesa alhali yana cikin gidanku. Je ka fadar kowane lamiɗo, Garwa ko Marwa ko Ngaundere, ka saurari sunayen sarautu. Fulfulde ake yi a fadar, amma za ka ji Galdima, ka ji Sarkin Fada, ka ji Sarkin Pawa, ka ji dogarai. Tun zamanin Modibbo Adama waɗannan sunaye suka shigo daga ƙasar Hausa da Barno suka zauna. Kuma a fada ba a barin baƙo ya shiga gaban sarki da ka. Akwai mai yi masa iso, ya gaya masa inda zai tuɓe takalmi, inda zai durƙusa, da lokacin da zai buɗe baki. In baƙo ya yi kuskure a gaban sarki, kunyar ta wanda ya shigo da shi ce.

Haka ma a fatauci. Iyayenmu da suka bi hanyar goro da kanwa da shanu, in sun isa garin da ba su sani ba, gidan fatoma suke sauka. Shi zai ba su ɗaki, ya nuna musu dillali, ya gaya musu abin da mutanen garin ba sa so. Ba a cin baƙo tara a kan al'adar da ba a gaya masa ba, don baƙo ko da idonsa makaho ne.

Tunda a zaure ake tarbar baƙo, a zaure kuma yaro ke koyon zama da manya, ni na ce a kira shi "sarkin zaure".

Daga Garwa:

Baba, wallahi wannan ya shiga raina. Har na rubuta shi a gefen takarda.

Daga Ngaundere, malamin lise:

Baba, a gafarce ni, ina da ɗan tsoro ɗaya. A ƙasar lamiɓe, kalmar sarki ba abin ɗauka ba ce haka kawai. Sarauta naɗa ta ake yi, da rawani. In takardar ƙungiya ta fita da "sarkin zaure" a kai, akwai wanda zai tambaya wa ya naɗa shi. Kuma kujerar da ake sake zaɓe bayan shekara biyu ba ta dace da sunan da ake mutuwa da shi ba.

Daga Injamena, wata Hajiya uwar adashi:

Sannunku da ƙoƙari. Na karanta tun daga sama, na ga duk maza ne ke magana, kuma kun manta da mu. Tarukan mata sun fi naku yawa, a Cadi da Kamaru duka, kuma mu ma muna da wannan kujera. Mu ba a zaure muke zama ba, a tsakar gida muke, kan tabarmi. In kun ce sarkin zaure, mu kuma mu ce me?

Bari in gaya muku yadda muke yi. Shekaruna da yawa ina riƙe adashi. Ranar da sabuwa ta zo, ba a fara komai sai mai wannan aiki ta miƙe ta tarye ta a ƙofa, ta karɓi mayafinta in ta so, ta ce wa mata: "Ku gyara zama, mun yi baƙuwa." Sai ta zaunar da ita kusa da ita, ba can ƙarshen tabarma ba. In ana magana tana raɗa mata: wannan ce ma'aji, waccan ce babbarmu, in kina da magana ki taɓa ni. In wayarta ta yi ƙara, dafa mata gwiwa za ta yi, babu wadda za ta ji. Zama uku na farko ba ma cin sabuwa tara ko sisi. Kuma in mata biyu suka fara sa-in-sa, kalmar dai ita ce: "Haba, ku gyara zama mana." Ba mu taɓa ba ta suna da Hausa ba, amma aikin ke nan.

Daga Garwa:

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ina ganin kin ba mu sunan ba tare da kin nufa ba: mai gyaran zama.

Ku duba yadda kalmar zama take da faɗi a Hausa. Zama shi ne a sa jiki a tabarma, kuma in an ce a gyara shi, matsawa ake yi a ba wani wuri. Zama shi ne taron kansa, kamar yadda ake cewa zaman majalisa ko zaman sulhu. Zama kuma shi ne mu'amala, shi ya sa ake yabon mutum da cewa ya iya zama da jama'a, ake kuma roƙon Allah zaman lafiya. Duka ukun aikin wannan kujera ne: ya buɗa wa sabon shiga wuri, ya tsare tsarin taro, ya shiga tsakani in an saɓa, tunda zo mu zauna zo mu saɓa ne. Ga shi bai zaɓi mace ko namiji ba, jam'insa ma a shirye yake, masu gyaran zama.

Daga Marwa, wani malamin zaure:

Madalla. In ƙara muku da abin da zai ƙarfafa shi. A Suratul Mujadala, aya ta 11, Allah yana umartar muminai cewa in an ce su yalwata a wuraren zama, to su yalwata, Allah zai yalwata musu. Gyaran zama ke nan da nassinsa. Sannan a Sahihu Muslim akwai labarin Mu'awiya ɗan Hakam, yana sabon shiga Musulunci. Wani ya yi atishawa ana cikin salla, shi kuwa ya yi masa addu'a da ƙarfi, bai san an hana magana ba. Mutane suka yi ta hararsa suna bugun cinyoyinsu. Da aka idar, Manzon Allah (SAW) bai daka masa tsawa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba, sai ya sanar da shi cewa maganar mutane ba ta dacewa a cikin salla. Mu'awiya da kansa ya ce bai taɓa ganin malamin da ya fi shi iya koyarwa ba. Laifin telanku irin wannan ne, magana a inda bai san an hana ba.

Daga Kuseri, ɗan kasuwa:

Allah gafarta Malam, ba na ja da aya. Amma ku bar ni in faɗi gaskiyar kasuwa. Na farko, sunan ya yi tsawo, mutane za su gutsure shi su ce "mai gyara", a ɗauka mai gyaran babur ake kira. Na biyu, kuma shi ya fi damuna: in kuka tausasa sunan, aikin ma zai yi laushi. Na ga ƙungiyar da ta daina cin tara, taron ƙarfe huɗu ya koma ana farawa gab da magariba, masu zubi suka riƙa ƙetare wata, har ta watse da kuɗin mutane a hannun mutane. Tsoron tarar nan shi ke kawo wasu a kan lokaci.

Daga Garwa:

Alhaji, maganarka ta biyu gaskiya ce, kuma ba zan cire tara ba. Wanda ya shekara biyar a ƙungiya ya san ƙa'ida sarai, in ya makara ya biya, wannan ma gyaran zama ne. Abin da nake so shi ne a san wa ake ci da kuma yaushe. Kuɗin zubi kuwa babu sassauci a kansa ga tsoho ko sabo, don haƙƙin wasu ne. Batun tsawo, "mai binciken kuɗi" ma kalma uku ce, ba wanda ya yi kuka da ita. In an gutsure shi a baki ba komai, a takarda dai zai zauna cikakke.

Daga Injamena, wani ɗalibi:

Yaya, tunda ana kan baƙi, yaya za ka yi da "parrain", wanda ke gabatar da sabon mamba? A nan da Larabcin Cadi damin muke cewa.

Daga Ngaundere, malamin lise:

Wannan ba ya buƙatar ƙirƙira. Damin da lamuni tushensu ɗaya a Larabci, Hausa ce ke mai da harafin farko na damin zuwa "l", kamar yadda ta yi a larura da lamiri da layya. A rubuta "mai lamuni" in ana maganar tsaya masa kan kuɗi.

Daga Marwa, dattijo:

Na janye sarkin zaure, na bi bayan Hajiya. Sai dai ɗana, ka sa a dokar cewa a gaya wa baƙo ƙa'idojin da harshen da yake ji. A Marwa wani Fulfulde kawai yake ji, wani Faransanci, wani Kanuri.

Daga Garwa:

To Baba, na sa. Ga yadda sashen ya tsaya, shi zan karanta wa taro ranar Lahadi:

"Mai gyaran zama shi ne zai tarbi sabon shiga, ya gabatar da shi tare da mai lamuninsa, ya zaunar da shi kusa da shi, ya sanar da shi ƙa'idojin taro da harshen da yake ji. Shi ke ba da izinin magana, shi ke shiga tsakani in an saɓa. Ba a cin sabon shiga tarar makara ko ta magana sai bayan zama uku. Wanda ya yi kuskure, a fara yi masa magana a keɓe kafin a ambaci sunansa a gaban jama'a. Tarar da aka yanka, mai gyaran zama ne zai rubuta, ma'aji ya karɓa."

Telan nan har yanzu shagonsa yana nan. Gobe in Allah ya kai mu zan biya ta wurinsa bayan azahar, in karanta masa, in roƙe shi ya zo ranar Lahadi ni ne mai lamuninsa.