Auta ta ci bak, tana son sashen Ingilishi a Yamai: asara ce ko riba?

Kawu Alhaji: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Barkanmu da arziki, Auta ta ci bak A, jarrabawar gama sakandare ta ɓangaren adabi. Sai dai na ji wai sashen Ingilishi take so a Jami'ar Abdou Moumouni, ta yi shekara 3 tana karatun labarai da wasan kwaikwayon Turawa. Ni a ganina asarar lokaci ce. In harshen take so, wata shida a wurin masu koyar da Ingilishi ya ishe ta. Ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a ƙofar gida. Mi zai kai ɗiya mace fiye da kilomita 600 don tatsuniya?

Yaya Babba: Kawu, a yi mini afuwa. Tamu ta Maradi ƙarfinta kimiyya ne, da aikin gona da lafiya, waɗannan kuwa na masu bak C da D ne. Mai bak A dole ta duba wani wuri.

Gwaggo Malama: Wa alaikumus salam. Alhaji, shekarata 17 ina koyar da Ingilishi a kwaleji, kuma daga wannan sashen na fito. Wata shida zai koya mata gaisuwa da tambayar farashi. Ba zai koya mata ta karanta shafi goma ta gane abin da mai rubutu yake nufi da abin da ya ɓoye ba. Sashen kuma ba labarai kaɗai ake yi ba: akwai nahawu, da furuci, da fassara, da tarihin Ingila da Amurka, sannan adabin Afirka da aka rubuta da Ingilishi.

Kawu Alhaji: Hajiya, ni shekara talatin ina bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano. Da Hausa nake ciniki, ban taɓa rasa kwabo don ban san Shakespeare ba.

Gwaggo Malama: Ciniki da Hausa ne, gaskiya. Takarda fa? Ka tuna wasiƙar nan da wani kamfani ya aiko maka daga Dubai, ka ba yaron shagonka ya fassara, ya ce sun amince? Da ka kawo mini ita na ga ƙi ne suka yi cikin ladabi, irin na mutumin da zai ce maka "sai mun duba". Yaron ya san kowace kalma a ciki. Abin da bai sani ba shi ne yadda masu harshen suke cewa a'a ba tare da sun furta ta ba. Wannan a cikin labari da wasan kwaikwayo ake koyonsa, inda kullum mutum yake faɗin abu yana nufin wani.

Kawu Alhaji: Wannan ya faru, ba na musu. Har na yi wa mutane alkawarin kaya.

Yaya Babba: Ni tawa damuwar daban ce da ta Kawu. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Yanzu ne ake buƙatar masu rubuta littattafan makaranta da Hausa, da ƙamus, da masu horar da malamai. Sai mu kuma mu tura mai ƙwaƙwalwar gidan nan ta je ta haddace adabin wasu? Ngugi wa Thiong'o na Kenya, shi da abokan aikinsa, tun 1968 suka nemi a rushe sashen Ingilishi na jami'ar Nairobi a sa adabin Afirka a tsakiya. Daga baya ma ya koma rubuta labaransa da harshensa na Gikuyu. Mutumin da ya san abin ciki da waje ke nan.

Baffa: Ɗana, ka karanta rabin layin ka bar rabi. Kundin nan da ka ambata shi ne ya ce harsunan aiki Ingilishi ne da Faransanci. To wa zai riƙe wannan aikin? Shi kuma Ngugi, ai sai da ya karanci adabin Ingilishi a jami'o'in Makerere da Leeds kafin ya san inda zai sa masa wuƙa. Julius Nyerere yana shugabancin Tanzaniya ya zauna ya mayar da wasannin Shakespeare biyu zuwa Swahili. A Hausa ma Ibrahim Yaro Yahaya ya yi Daren Sha Biyu daga wani wasan Shakespeare ɗin. Harshensu suka yi wa hidima da abin da suka ɗebo. Mu da muka taso da tashe cikin azumi, da wasan kara na Damagaram, da su Yazi Dogo a talabijin, wasan kwaikwayo ba baƙonmu ba ne. Abin da muka rasa shi ne masu ilimin da za su rubuta namu su yi nazarinsa kamar yadda ake yi wa na wasu.

Yaya Babba: Baffa, to ai sai ta shiga sashen nazarin harsuna kai tsaye, ba sai ta zagaya ta London ba.

Auta: Kawu, Baffa, Gwaggo, Yaya, ina gaishe ku. Ku ba ni dama in faɗi abin da ya ja ni. Bara Gwaggo ta ara mini littafin Chinua Achebe na 1958, Things Fall Apart. Akwai inda fara ta sauka a garin, mutane suka yi ta murna, suka jira dare raɓa ta jiƙa mata fiffike, suka fita da kwanduna suna kamawa, aka gasa aka shanya ana ci da manja. Na ajiye littafin na fita tsakar gida, ga Inna tana soya fara da yaji a kasko. Achebe mutumin Ibo ne, da Ingilishi ya rubuta, amma kamar ƙofar gidanmu yake kallo. Kuma ana cikin cin farar nan ne wani dattijo ya zo da maganar kashe yaron da Okonkwo, gwarzon labarin, ya riƙa kamar ɗansa. Kwana biyu ina tunanin dalilin da ya sa ya haɗa murna da mutuwa wuri guda. Yaya, ina son in koyi yadda ake yin haka, in yi shi da Hausa a kan Maradi. Ban ce zan bar Hausa ba.

Kawu Alhaji: Ɗiyata, maganarki ta shiga jikina. Amma in kin gama, wane aiki? Kwantiragin koyarwa a ƙauye, ana jiran kuɗin wata?

Gwaggo Malama: Wannan tambayar gaskiya ce, kuma ba zan yi mata ado ba. Yawancin waɗanda muka fito tare koyarwa muke yi, wasu sun daɗe a kwantiragi kafin a ɗauke su. Waɗanda suka samu fassara ko aikin ƙungiyoyi su ne suka haɗa da wani abu, kamar kwamfuta ko lissafin kuɗi. Ajin shekarar farko kuma cike yake, wanda bai yi karatu da kansa ba, zai fito da digirin lisans bakinsa bai buɗe ba.

Kawu Alhaji: To ni har yanzu ina ganin shekara 3 ta yi yawa. Amma ga sharaɗina: duk hutu ta dawo ta zauna a shago ta riƙe mini wasiƙun waje, in gani da idona. Hajiya, ki turo mini jerin darussan shekarar farko, kuma a gidan wa za ta sauka a Yamai?

Gwaggo Malama: Zan kira ƙanwar Inna da ke can bayan la'asar. Auta, ki kawo takardunki gobe da safe mu duba abin da ya rage.