Wane suna za mu sa wa jatan landen nan mai yi wa kifi gyara?

Jama'a ku zo mu yanke magana ɗaya. Masu kiwon murjani, wato halittar tekun nan mai kama da dutse, a tankin gilashi na ruwan gishiri suna ajiye wani jatan lande da Turawa ke ce wa kilina shirim, a littattafan kimiyya Lysmata amboinensis. Jikinsa ruwan ɗorawa ne, gadon bayansa ja da farin layi a tsakiya, ga dogayen gashin baki farare, duk tsawonsa santimita 5 zuwa 6. Asalinsa tekun Indiya da Pasifik, har Bahar Maliya akwai shi.

To aikinsa fa shi ne abin kallo, lungu yake samu cikin duwatsu ya tsaya yana kaɗa gashin bakin nan, kifi ya taho da kansa ya tsaya cak, shi kuma ya hau shi yana tsince masa ƙwari da matacciyar fata, har cikin baki yake shiga kuma kifin ba zai haɗiye shi ba.

Wani ɗan'uwa ya ce mu kira shi mai shara. Ban yarda ba gaskiya, sabon shiga zai ɗauka tankin yake sharewa, ya saya ya ƙi ba shi abinci. Wata 'yar'uwa ta kawo carkin teku, ya yi daɗi a baki kam, amma carki shi yake bin saniya kuma yana caccakar mata gyambo. Wannan kuwa wurinsa ake zuwa a jira layi. Shi ya sa ni dai na tsaya a kan wanzamin kifi.

Sauran kalmomin kiwonsa muna da su tuni. In ka wayi gari ka ga kamar gawarsa a ƙasan tanki kar ka yi saurin salati, saɓa ya yi, yana nan a ɓoye har sabon ɓawon ya yi ƙarfi. Abin da ke kashe shi da gaske maganin kifi mai jan ƙarfe ne, sai canjin gishiri farat ɗaya, don haka a bar gishirin ruwan ya tsaya wajen giram 35 a kowace lita.

Wanda ke da abin da ya fi wanzami ya kawo da hujjarsa. Kuma 'yan'uwanmu na Fot Sudan da ke bakin Bahar Maliya don Allah ku faɗa mana me masunta ke kiransa a can.